Randar Inna

Bayan salla da azumi, abu biyu mahaifiyata ta yarda da su: randarta da alif. Idan masu kura suka kawo ruwa gidanmu na Yelwa, ko daga mayo, wato kogi, suka ɗebo shi jawur, sai Inna ta jefa ɗan alif, ta jira laka ta kwanta, ta tace a randa. Ruwan ya yi garau, ya yi sanyi. Duk wanda ya ce a tafasa, sai ta tambaye shi ko shayi zai sha. Ni ma na sha wannan tambayar, duk da takardar malantata.

'Yata ta fari, lokacin tana shekara bakwai, a ɗakin Inna take yini. "Ƙawata" Inna take ce mata, kuma moɗa ɗaya suke sha. Da zazzaɓi ya kama yarinyar muka ce maleriya ce, don a wurinmu kowane zazzaɓi maleriya ne. Kwana tara muna ɗura mata maganin kemis. Rana ta goma cikinta ya kumbura ya yi tauri, ko kuka ta daina.

A asibiti likita ya ce taifod ne, ya huda hanji, sai tiyata. Na sa hannu a takarda. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Muna jira a baranda wata nas ta tambaye mu, "Wane ruwa yarinyan yake sha a gida?"

"Na randana," in ji Inna. "Har fuskanki za ki gani a ciki."

"Mama, laka kawai alif yake kwantarwa. Ƙwayan cutan yana nan, ido ba ya ganinsa."

Inna ta juya tana kallon ƙofar ɗakin tiyata.

Yarinyar ta tashi, da ɗinki har ƙasan cibiya. Likita ya ce mu riƙa tafasa ruwa, kuma akwai allurar rigakafin taifod, a nemo wa mutanen gida. Inna fa haihuwa takwas ta yi ba allura, kuma duk unguwa an san haka, don ita ta sanar. Ranar da muka je, ita ta fara miƙa dantse, ta juya fuska bango. Da aka gama ta ce a ƙara mata wata. Nas ta ce ɗaya ta isa.

Da aka sallamo yarinyar ta nemi ruwa. Inna ta zubo mata tafasasshe daga tukunya.

"Kaka, ba sanyi."

"Na sani, ƙawata. Sha haka."

Na gaya wa Inna ana iya zuba tafasasshen a randa ya huce. Ta ce ta ji. Har yau albasa take ajiyewa a ciki.