Nuriyya, Mai Shelar Baƙin Mahaifinta

An haifi Nuriyya Audi a Unguwar Rogo, ita ce auta a gidan Malam Audi mai awon gero. Ta gama sakandare, ta yi aure a Wamakko, da mijinta ya rasu ta dawo gida tana ɗinkin hula. Ni ɗan yayar mahaifinta ne, wato taubashinta, don haka duk girman da ake ba ni a ajin tarihi ba ya tsallake ƙofar gidansu.

Gigin tsufa ya kama Kawu Audi a hankali. Ya fara da manta inda ya ajiye carbi, har ya kai ga manta fuskoki. Nan ne mu 'yan uwa muka nuna bajinta. Kowane ɗayanmu zai shiga zaure, ya durƙusa, ya kai fuskarsa dab da ta tsohon, ya ce, "Ka gane ni? To faɗi sunana." Muna kiran wannan dubiya. Ni har ƙari nake yi, ina tambayarsa shekarar da ya fara zama kasuwa, kamar mai kare digiri a gabana. Tsohon yakan dubi bango, sannan ya fusata. Ranar da ya sauke wa wani surukin gidan sanda a kafaɗa, babban ɗansa Alhaji Bashar ya yanke hukunci: za a kai shi wajen wani malami a ƙauye, inda ake ɗaure masu irin wannan lalura.

Nuriyya ta roƙi a jinkirta zuwa bayan salla. A lokacin ta shiga wani zaure na masu jinya a wayarta, inda wata ma'aikaciyar asibiti ke turo saƙon murya da Hausa, mata kuma suna ba juna labarin tsofaffinsu. A can aka shawarce ta da ta lura da abin da ke faruwa kafin kowace fusata. Ta lura. Ba zafin rana ba ne, ba yunwa ba ce. Mu ne.

"Taubashi," in ji ta, "kai da ka karance tarihin Daula duka, mi kaka nema ga tsohon da bai san ko ya ci tuwo ba? Shaidar zama ɗan gida?"

Na ce ina motsa masa ƙwaƙwalwa ne.

"Sandar kaka motsawa."

Sai dai auta, mace, ba ta da bakin hana manya tambaya. Don haka ba ta hana kowa ba. Ta ɗauko tabarmarta da zarenta ta koma bakin zaure, kuma duk wanda ya yi sallama, kafin ya buɗe baki, sai ta ɗaga murya: "Baba, ga Alhaji Junaidu, ɗan ƙanenka, babban dillalin shinkafa, ya taho gaishe ka." Wanda aka riga aka faɗi sunansa ba shi da sauran abin tambaya. Kuma wajibi ne a rubuta, saboda gaskiyar tarihi, cewa mun ji daɗin abin. Wasu sun riƙa zuwa sau biyu a mako. Ni ta naɗa ni "shehin malamin jami'a", muƙamin da jami'ar ba ta ga dacewar ba ni ba tukuna, ban kuwa taɓa gyara mata ba.

Bayan salla Alhaji Bashar ya zo da mota da direba. Ina zaune a zauren. Nuriyya ta ce, "Baba, ga Yaya Bashar, babban ɗanka."

Tsohon ya miƙa masa hannu cikin fara'a, ya nuna masa gefen buzu. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambaye shi gida da kasuwa da gajiya. Sannan ya matso kusa da shi ya rage murya.

"Ina da ɗa mai sunanka. Yaron kirki na, amma ba ya jin magana. In ka gamu da shi ka yi mai faɗa."

Alhaji Bashar ya buɗe baki. Na ga "ai ni ne" ta taso masa har leɓe. Ya dubi ƙanwarsa, ita kuwa ba ta ɗaga kai daga hular da take ɗinki ba.

"In sha Allah, Baba," ya ce. "Zan yi mai."

Ya zauna har la'asar, sannan ya leƙa waje ya ce wa direban ya tafi da motar, ya biya kasuwa ya sayo sabuwar tabarma, wadda ke bakin zauren ta mutu.