Hannun Gwaggo a Bayan Kunne

Jiya na ɗauki ɗan maƙwabciyata zan goya shi, sai na ga yatsana ya tafi bayan kunnensa ba tare da na aike shi ba. Hannun Gwaggo ke nan, tsohuwar da ta koya mana karatun allo a tsakar gidanta a Gozaki.

Kowace safiya, kafin ta miƙa wa yaro allonsa, sai ta lanƙwasa kunnensa ta leƙa, ta ɗora tafinta a wuyansa. Tafin da sanyi, yana warin tawada da daddawa. Takan ce ƙurajen baƙon dauro daga nan suke farawa.

Wata safiya, bayan ayarin fatake ya sauka a bakin ganuwa, ta riƙe kunnena ta daɗe. Ta jingine allona, ta goya ni har gida.

Innata ta ce, "Gwaggo, ai lafiyarta lau, yanzu ta sha kunu."

Gwaggo ta ce, "Sa ta ɗaka, ki raba ta da ƙanenta."

Ɗaki ɗaya gare mu, ƙanena kuma yana shan nono. Ƙurajen suka fito mana mu biyu. Ni na tashi. Shi kwana tara ya yi, ya rasu.

Damina uku ke nan da rasuwar Gwaggo. Ban yi kuka ba ranar da aka ɗauke ta, jiya ma ban yi ba. Na duba kunnen yaron, babu komai. Na duba ɗayan.

Allah ya sanyaya makwancinta yadda tafinta yake sanyaya wuyanmu.