Ranar da Ɗan Cin Rani Ya Sayi Shebur

Ni mutum ne mai mantuwa. Na taɓa tayar da gida kaf ana neman tabarau alhali yana kan hancina, na kuma taɓa dawowa daga masallacin Juma'a da takalmin wani a ƙafar hagu ban lura ba sai a ƙofar gida. Amma akwai wata Asabar ta watan Afrilu wadda ko an wanke mini ƙwaƙwalwa da sabulu ba za ta fita ba, ranar da na je sayen bishiyar da ba ta kai kamu ɗaya ba.

Tun da na zo ƙasar Turawan nan nake kiran kaina ɗan cin rani. Kun san halinsa: idan an gama girbi ya tafi birni ya nemi na kansa, hadarin farko na tasowa ya ɗaure kaya ya koma gona. To ni ranina ya ɗan yi tsawo, don ya haura shekara ashirin, har 'yar da muka haifa a cikinsa ta shiga jami'a, ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci. Mun sayi gida a wani gari da ake kira Bowie, amma dokata ɗaya ce: ba a shuka komai. Ɗan cin rani ba ya shuka a inda ya je. Ciyawa kawai nake askewa, ita ma don kada maƙwabta su kai ƙarata.

A nan kuwa, idan Afrilu ya kama, akwai wani fure da ake kira azaliya wanda ke haukata unguwa. Ja, fari, ruwan hoda, kowane gida kamar an shanya atamfofin biki a ƙofarsa. Namu ne kaɗai tsirara a layin, kamar kan da aka yi wa ƙwal-kwabo. Kowace shekara Hajiya, maiɗakina, sai ta ce, "Alhaji, ko guda biyu mu dasa a gefen matakala." Ni kuma in ce, "Mu dasa wa wa? Badi war haka muna Kano."

Sai wata shekara ba ta tambaya ba. Muka wuce gidajen nan a mota, ta kalle su, ta kawar da kai. Bayan kwana biyu na jiyo ta a kicin tana waya da yayarta, tana cewa, "Ni na daina magana, Yaya. Gidan nan masauki ne, ai ba a yi wa masauki ado." Ba faɗa a muryarta, ba kuka. Da faɗa ne da na san maganinsa, in yi mata barkwanci biyu ta yi dariya a wuce wurin. Wannan kuwa muryar wadda ta cire rai ce, kuma ta tsorata ni fiye da wasiƙar masu karɓar haraji.

Nan dabara ta faɗo mini. Ina da aboki likita, Bazazzage, wanda ke kiwon bonsai, wato irin bishiyoyin nan da Japanawa ke raino a cikin kasko, ana datse musu reshe da saiwa har su tsufa ba su wuce tsawon buta ba. Na sha yi masa tsiya cewa rowar Zagezagi ce ta kai har bishiya ma ba sa bari ta ƙoshi. Amma ranar sai na ga hikimar abin. Azaliya a kasko! Hajiya ta samu furenta, ni kuma dokata na nan, tunda ba a taɓa ƙasa ba. Ranar tafiya in rungumi abina mu hau jirgi.

Na kira shi. Ya ce, "Bakano zai sayi abin da ba a ci, ba a sake sayarwa? Ina zuwa, wannan sai na gani da idona."

Ya kai ni wani lambun sayar da dashe can gaba da garin Beltsville. Muna shiga na ga wata azaliya jibgegiya, ja wur, fure ya rufe ta har ba a ganin ganye. Na rungumo ta na ce an gama. Likita ya riƙe ciki yana dariya.

"Haka kake sayen ragon layya? Ka ga gashi ka biya?"

"Rago haƙori ake dubawa," na ce.

"To ita ma tana da haƙori. Ajiye."

Mai lambun wata dattijuwa ce, gashinta fari fat, hannunta duk ƙasa. Ta ce wadda na ɗauko sunanta Kurume, mai ƙananan furanni, ita ce ke rigan kowa buɗewa. Tana yin kyau a kasko, amma wannan tawa sanduna ne barkatai suka fito daga ƙasa kamar tsintsiya. Mai neman bonsai gindi yake dubawa, guda ɗaya mai kauri. Ta sa na tura yatsa cikin ƙasar tukwane ina lalube, ko saiwoyin sun bazu ta kowane gefe ko sun karkata wuri ɗaya. Ni da babbar rigata, ina bin tukwane ina cusa yatsa kamar mai gwada zafin kunu. Na lalubi tukwane sun fi dubu. Likita ya ce goma sha ne, amma ba a kafa shaida da Bazazzage.

Daga nan ta kai mu wata rumfa ta baya, inda ake ajiye waɗanda ake kira Satsuki. Ta ce su ne sarautar azaliyar kasko. Akwai mai jan fure siriri kamar zare, akwai gajeriya mai fure faffaɗa, akwai wadda bishiya ɗaya za ta ba ka fari, ta ba ka ruwan hoda, ta ba ka mai zane-zane, duk a jiki ɗaya. Na duba, ban ga ko fure ɗaya ba, ganye ne kore kamar na shuwaka. Ta ce su ba sa gaggawa, sai an gama hayaniyar Afrilu, wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, sannan su buɗe.

Wata daga ciki ta shiga raina. Gindinta ya kai kaurin muciya, ya ɗan karkace kamar dattijon da ke sauraron magana. Dattijuwar ta yi mini bayanin kiwonta: ƙasa mai tsami take so, ruwan sama ya fi mata na famfo, kada a bari ta bushe, kada kuma a jiƙa ta ta ruɓe. Na ce taki da toka fa, yadda muke yi a gida? Likita ya ce in na zuba mata toka shi zai yi mata sallar gawa.

Sai na yi tambayar da ta kawo ni. Na ce, "Idan na tashi komawa ƙasarmu, yaya zan ɗauke ta a jirgi?"

Ta ce fitar da shuka da ƙasarta sai da takardu masu yawa, amma ba wannan ne abin dubawa ba. Ta tambaye ni yadda sanyin garinmu yake. Na ce muna da sanyi mai tsanani, har mutum ya sa riga biyu. Ta ce ruwa yana daskarewa? Likita ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Na ce a firji, ƙwarai.

Ta yi murmushi ta ce, "To ba za ta yi ba. Wannan sai ta sha sanyin hunturu ta yi barci, a waje ko a garejin da ba na'urar ɗumama ɗaki, sannan take fure. Idan ka kai ta inda zafi ba ya yankewa, za ta yi ta fama har ta gaji. 'Yar nan ce. Idan ka saye ta, ka saya mata zama."

Na samu wani benci na zauna. Iska na kaɗawa a hankali, wani bututu na yayyafa wa tukwane ruwa. Duk dabarar da na taho da ita ta rushe, bishiyar da na zaɓa don a gudu da ita ta ce ba inda za ta. Likita ya zauna kusa da ni, kuma a karo na farko tun da na san shi bai yi tsiya ba.

"In kana so mu tafi, mu tafi," ya ce. "Akwai furen roba a kanti, shi ko'ina yana zuwa."

"Hajiya za ta rotsa mini shi a ka."

"To ka san amsar." Sai ya ƙara da cewa, "Ba wanda ya ce kada ka koma, mutumina. Ni ma kullum ina komawa Zariya a zuciyata. Amma baiwar Allahn nan shekara nawa tana tsaye da mayafi a kafaɗa tana jiran ka ce a tashi?"

Ban nuna masa na yarda ba, don ba a ba Bazazzage gaskiya a gabansa, sai ya ɗauka gado ne. Na tashi na ce wa dattijuwar ta naɗe mini Satsukin nan. Har na kai bakin mota na tsaya. Na koma na ɗauko jibgegiyar jar Kurumen da na fara runguma, na ƙara da 'yan'uwanta biyu. Sannan na tambayi inda suke ajiye shebur.

Da muka isa gida Hajiya ta fito ta tsaya a matakala. Na miƙa mata kaskon da hannu biyu. Ta juya shi, ta leƙa ƙarƙashin ganyen.

"Alhaji, wannan na miya ne?"

Na kwashe bayani kaf na yi mata, har da na gindi da saiwa, kamar a kaina aka fara sana'ar. Na ƙare da cewa ita wannan ba ta tafiya ko'ina, sanyin nan ne abincinta.

"Ka san haka ka saya?"

"Na sani."

Ta dube ni, ta dubi kaskon. Sai idonta ya sauka a kan Likita yana fito da shebur daga bayan mota, sabo fil, da takardarsa a jiki. Ta juya ta shige ciki. Na ce shi ke nan, na yi ɓarna. Can sai ga ta ta fito ta ci ɗamara, ta sa takalmin roba, ta taka wani wuri a gefen matakala da ƙafarta.

"Nan. Ba can ba, nan. Rana ta fi sauƙi da yamma."

Ashe ta daɗe da auna wuraren, ramuka uku, har da tazarar da za a bari. Na yi haƙa ranar har na ji kamar zan ɓullo Kano ta ƙasa. Likita na zaune a inuwa da kofin shayi yana ba da umarni, aikin da Zagezagi suka fi ƙwarewa a kai. Bayana bai yafe mini ba sai bayan mako.

Satsukin ta buɗe a farkon Yuni, fari da ruwan hoda da mai zane, yadda aka faɗa. Hajiya ta ɗauki hotonta ta fi sau ɗari, ta aika wa duk wanda ke da waya a danginmu.

Har gobe ina son gida, kuma ban fasa cewa zan koma ba, sai dai yanzu ina ƙarawa da in Allah ya so da gaske, ba don cika baki ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, mutumin da ya ƙi zama a inda Allah ya ajiye shi ba shi kaɗai ne a tsaye ba. Duk wanda ke tare da shi yana tsaye, kuma wata ƙafar ta fi tasa gajiya, kunya ce kawai ta hana ta faɗa.