Rakiyar da Baba Ya Kawo Mana Ranar Jarrabawa

Bara ne, da farkon damina.

Da na gama sakandare a Daura na dawo ƙauyenmu a ƙasar Zango, tafiya gaba ba ta samu ba. Hedimastan firamarenmu ya roƙi Baba a bar ni in riƙa taya su koyarwa, tunda malamai sun yi ƙaranci. Aka ba ni 'yan aji shida. A cikinsu har da autarmu, wadda ni na goya ta tun tana jaririya.

Makarantar ta daɗe ba ta fitar da yaron da ya ci jarrabawar gama firamare ta ƙasa da makin da zai kai shi makarantar kwana ba. Yara su je, su dawo, sakamako ya fito, hedimasta ya duba ya ce Allah Ya sa badi ta fi bana. Amma Auta kowa ya san kanta na ja. Lissafin da nake yi a allo, kafin in juyo ta gama shi a ka. Ni kuwa na ƙwallafa rai a kanta, ba kaɗan ba.

Baba ne bai so ba. Dillalin dabbobi ne, yana cin kasuwanni, kuma duk labarin da ya faru a wata ƙasa sai ya iso kunnensa, har da na makarantun da aka shiga aka kwashe yara. Na yi ta magiya har ya gaji.

"Uwata," ya ce, don haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa gare ni, "sau ɗaya za ta zauna. In ta ci, na yarda ta tafi. In ba ta ci ba, kada a sake tayar mini da zancen nan."

Na ce na ji.

Jarrabawar ranar Asabar aka yi ta, a wata babbar firamare da ke garin da ke bakin titi, inda aka haɗa yaran ƙauyuka da yawa. Mun tafi a a-kori-kura da sassafe, ni da hedimasta da yaranmu, kowa da fensirinsa da kilina. Malaman rakiya ba a barin su shiga aji, saboda haka muka zauna gindin darbejiya kusa da wata mai ƙosai. An fara da lissafi. Da aka fito hutu Auta ta zo da gudu, gefen hannunta duk baƙin fensir.

"Yaya, wallahi duk abin da kika koya mana ne!"

"To ki natsu, sauran Turanci. Kada ki yi gaggawar cike akwatin amsa."

Ta cusa ƙosai a baki ta koma.

Gab da azahar na fara jin ƙarar. Da farko kamar injin niƙa can nesa. Sai ta ƙaru. Mai ƙosai ta tsaya da matsami a hannu, ta karkata kai.

"Malama," ta ce, "wannan ba babur ɗaya ba ne."

Sai ga su sun ɓullo ta hanyar jeji, ba ta titi ba. Babura a jere, kowanne da goyo, fuskoki naɗe da rawani, wasu da bindiga rataye a baya. Ban san wanda ya fara ihun ba. Na dai ji an ce, "Ga su nan! Ɓarayi!" Shi ke nan.

Abin da na gani daga nan ba ya barin idona. Yara suna fitowa ta taga, wani kan wani. Benci na faɗuwa. Takardu na tashi sama. Masu kula da jarrabawar, manyan mutane da tumbinsu, sun riga yaran kaiwa katanga. Gero lokacin ko gwiwa bai kai ba, babu inda mutum zai ɓuya a gona, sai kawai ka hango fararen hijabai sun watsu cikin fili. Na so in tashi in yi ajin da Auta take, ban iya ba. Na tsinci kaina kwance a bayan bishiyar, bakina cike da ƙasa, ina ta innalillahi.

Baburan suka tsaya, aka kashe su. Sai na ji wata murya da na sani tun ina ciki.

"Lafiya? Me ya faru nan? Ina yaran?"

Na ɗaga kai. Baba ne ke warware rawani daga fuskarsa.

Abin da ya faru ke nan. Da hantsi wani da ya fito daga jeji ya ce ya ga baƙin fuska a kusa da hanyar da za mu bi mu koma. Iyaye maza suka jefar da fartanya a gona, suka kira 'yan sintirin ƙauyenmu da bindigoginsu na toka, suka taho su raka 'ya'yansu gida. Sun biyo ta jeji don ta fi kusa. Fuska kuwa duk mai doguwar tafiya a babur a wajenmu naɗe ta yake yi saboda iska da yashi. Babu wanda ya tuna ya kira hedimasta. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin yadda za su yi kama a idon wanda bai san su ba.

Hedimasta ya fito daga bayan masai, hula a hannu. "Alhaji, ka kashe mu!"

Wani ɗan sintiri ya ce, "Malam, mu fa taimako muka zo."

"Taimakon naku ya kifar mini da kasko!" in ji mai ƙosai. "Ku da ɓarayin bambancinku me? Su ko ƙosai ba su taɓa zubar mini ba."

Wasu suka yi dariya. Ni ban iya ba, ina duba yaran da ke dawowa ɗaya bayan ɗaya, wasu ba takalmi, wasu da jini a gwiwa. Masu kula da jarrabawa suka ce duk wanda ya dawo ya shiga ya ƙarasa, za a ƙara musu lokaci. Yaranmu suka shiga. Auta ba ta cikinsu, ita da ƙawayenta biyu.

Na bi gidajen da ke bayan makarantar ina sallama ina tambaya. Duk ƙofar da na taɓa a rufe take. Can ƙarshen layi na shiga wani gida mai dangar kara, na tarar da wata tsohuwa zaune a tabarma, ta jingina da rumbun ƙasa irin mai baki a sama, tana ɓarar gyada kamar ba abin da ya faru a duniya.

"Iya, don Allah ba ki ga wasu 'yan mata uku sun shigo ba?"

"Ban ga kowa ba, 'yar nan."

Ko kallona ba ta yi ba. Har na juya sai na hangi fensir a gindin rumbun, irin wanda na fiƙe da hannuna da reza. Ga kuma tsani an kwantar a bayan ɗaki, ƙafarsa da ɗanyar ƙasa.

"Iya, suna ciki. Ƙanwata ce. Ba ɓarayi ba ne, iyayenmu ne suka zo rakiya."

"Haka suka ce ki faɗa?"

"Wallahi babu wanda ya aiko ni!"

"In suna bayanki, koma ki ce musu tsohuwa ce kaɗai a gidan, sai awaki."

Na manna bakina jikin rumbun na kira Auta. Na kira ta da sunanta, na kira ta da sunan wasan da ni kaɗai ke kiranta da shi. Shiru. Sai na tuna. Ni ce na koya musu wannan a aji. Na ce musu in aka shigo makaranta kuka samu maɓoya, kada ku amsa kiran kowa, ko da muryata kuka ji, don ana iya sa mini bindiga a ka a ce in kira ku. Auta ba ta taɓa mance abin da na koya mata ba.

Ƙasar rumbun da zafi kamar tanda a tafin hannuna, ga bakinsa a rufe ruf. Wani sabon tsoro ya kama ni. Yara uku a ciki, ba iska, rana tsaka. Na fara kuka ina roƙon tsohuwar ko murfin a ɗaga.

Ana haka Baba ya yi sallama ya shigo, ɗan sintiri na biye da shi da bindigarsa. Wannan ya ƙarasa ɓata komai. Tsohuwar ta miƙe, ta baje hannuwa a gaban rumbun.

"Sai ku fara da ni."

"Baba, ku fita!" na ce. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya dube ni, ya fita.

Sai da mai unguwa ya yi shela a lasifikar masallaci cewa ba ɓarayi ba ne, sa'annan ya tako da ƙafarsa har gidan, tsohuwar ta ga idonsa, kafin ta yarda a ɗauko tsani. Aka zaro su ɗaya bayan ɗaya, sharkaf da gumi, jiki duk ƙaiƙayin gero. Ɗaya ta suma sai da aka yayyafa mata ruwa. Auta ta ƙanƙame ni.

"Yaya, na ji ki. Ke kika ce kada mu amsa."

Na ja ta da gudu muka koma makarantar. Mun tarar an karɓe takardu, an liƙe ambulan. Matar da ke shugabantar jarrabawar ta saurare ni har na gama, ta dafa kan Auta, ta ce abin da aka liƙe ba ta da ikon buɗe shi. Takardar Turancin Auta ta tafi ko rabi ba ta cike ba.

Da sakamako ya fito, lissafinta ya yi kyau ƙwarai, amma jimillar ba ta kai ba. Sauran yaranmu ma da suka koma suka ƙarasa, a tsorace suka rubuta, babu wanda ya kai. Ban tayar da zancen ba a gida, tunda alkawari na yi.

Baba ne ya tayar. Wata safiya yana shan koko, bai dube ni ba ya ce, "Uwata, waccan jarrabawar ba ta cikin lissafi. Ni na ɓata ta. Ta sake zama badi."

Na ce to, na gode. Auta ta maimaita aji shida, ga shi jarrabawar ta sake matsowa, kuma na san za ta ci. Abin da ban faɗa wa Baba ba shi ne yanzu ni ce ke jin tsoron tafiyar. Na ga yadda makaranta take watsewa kafin a ƙifta ido, kuma ranar namu ne suka zo, ba ɓarayi ba.

Shekaranjiya muna bitar Turanci a tsakar gida, ta ajiye fensir ta ce, "Yaya, makarantar da za a kai ni in na ci, tana da katanga mai tsawo?"

Na ce zan tambaya mata. Har yanzu ban tambaya ba.