Sauro Mai Sujada

Murjanatu, 'yar Malam Uwais na Zugu, ta tashi da wata ɗabi'a da ta gagari kowa a gidansu: kallon bango. A aike ta ɗebo ruwa, sai a iske ta tsaye bakin randa, baki sake, ido a kan garu. Har wasu suka fara cewa iska ce ta shafe ta. Ba wata iska, sauro take kallo.

A wurin jama'a sauro sauro ne, a kai masa mari a wuce. Ita kuwa tun tana 'yar mitsitsiya ta raba su gida-gida, kowane da sunansa. Akwai mai ruku'u, ɗan bakin kwata, mai sauka da ƙusumbi, mai cika kunne da kuka. Akwai amarya, baƙa mai farin zane a ƙafafu, marar kunya, wadda ke cizo da rana tsaka. Sai kuma wani siriri, marar hayaniya, wanda in ya sauka yakan kafa kai ƙasa ya ɗaga baya sama.

Wannan na ƙarshe ba ita ta raɗa masa suna ba. Wata la'asar ce ta damina, ruwa ya ɗauke, ƙamshin ƙasa ya cika zaure. Tana zaune gefen buzun babanta yana bitar littafi, sai ga siririn ya sauka a bango. Ta ɗaga hannu, Malam ya riƙe mata shi.

"Ƙyale shi, ɗiyata," ya ce. "Ba ki ga sujada shika yi ba?"

Malam mutum ne mai barkwanci, kuma wataƙila so yake kawai a bar shi ya yi karatu. Amma yarinya ta karɓi maganar hannu biyu. Daga ranar, mai ruku'u da amarya sun sha mari ba adadi, mai sujada kuwa ko korarsa ba ta yi.

Haka ta girma, ta yi aure nan Zugu, ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli. Ta haifi 'ya'ya, zazzaɓin damina ya ɗauke mata wasu tun suna goye, ta yi kuka ta ce kwanansu ne ya ƙare. Da 'yan bindiga suka matsa wa garin, aka ɗoro ta bisa babur zuwa Gummi, da ƙunshin tufafi da jikarta Zinatu, wadda uwarta ta rasu wurin haihuwa. Kabarin Malam na can baya, littattafansa ma ba a samu fitowa da su ba. Abin da ya rage mata nasa shi ne maganar nan guda. In ta ga mai sujada a bangon ɗakin da aka ara musu, sai zauren Zugu ya dawo mata har da ƙamshin ƙasar, ta zauna tana murmushi ita kaɗai, gyaɗa na ƙonewa a kasko.

Daminar bana zazzaɓi ya kama Zinatu, kamu na gaske, har da suma. Murjanatu ta tsorata tsoron da ba ta taɓa yi ba, don in yarinyar nan ta tafi ba ta da kowa. Aka kwantar da su asibiti, aka yi wa yarinyar ƙarin ruwa. Kuma mai hali, tana zaune bakin gado sai idonta ya tafi bango. Akwai babban hoto manne a wurin, an zana sauraye iri-iri. Ta gane su duka, kamar maƙwabta. Ɗaya an kewaye shi da jan layi.

Ta kira Shafa'atu, ma'aikaciyar da ke duba yarinyar.

"Ɗiyata, mi wanga ya yi anka shata mishi ja?"

"Inna, ai shi ka kawo masassarar nan. Kuma macen ta ka cizo. Duk inda kinka gan ta kai ƙasa baya sama, kashe ta."

"Ba mai kukan nan ba?"

"A'a, wancan damu shika yi. Wagga ita ka kisa."

Murjanatu ta mai da ido kan hoton mai jan layin.

Allah ya sa Zinatu ta farfaɗo, aka sallame su, aka ba su gidan sauro. Washegari da hantsi yarinyar na barci, rana ta shigo ta tagar ɗaki, Murjanatu ta miƙe za ta ɗaura igiyar gidan sauron. Daidai kan Zinatu, ga mai sujada a bango, ciki ya yi ja.

Ta ɗaga hannu, hannun ya tsaya a sama. Ta jira, yadda ake jiran mai salla ya idar, ko zai ɗago kai. Bai ɗago ba. Zinatu ta juya cikin barci, ta sosa wuya.

"Malam, ka gahwarce ni," ta ce a hankali.

Ta kai tafi. Ta daɗe tana kallon ɗigon jinin da ke hannunta, tana kiran sunayen 'ya'yanta da suka riga ta, ɗaya bayan ɗaya.