Maɓallin da Ban Danna wa Baba Ba

Surukina mai gyaran agogo ne. Tun kafin a haife ni yake zama a teburinsa a bakin kasuwar Sabon Gari, da ɗan gilashin nan na ido ɗaya maƙale a fuskarsa. Iyayensa daga ƙasar Yarbawa suka zo, amma shi a Fagge aka yanke masa cibiya, in kuwa yana kushe agogon zamani da Hausa sai ka rantse ɗan cikin Birni ne. Ni janareto nake gyarawa a Rijiyar Lemo. Tun da na auri 'yarsa yake kirana Injiniya, na kuma san tsokana ce, don a wurinsa duk mai aiki da guduma maƙeri ne. Ban taɓa mayar masa ba. Suruki ne. In na je gidansa tsugunawa nake in gaishe shi, idona a ƙasa, abin da ya faɗa shi ke nan.

Hawan jini ya kayar da shi wata ranar Laraba yana cikin alwala. Allah ya taƙaita, ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma hannun hagu ya ƙi komawa daidai. In ya ɗauki kofin shayi sai ka ga shayin yana rawa. Teburi ya zauna a rufe wata da watanni, Baba yana gida yana faɗa da kowa a kan gishiri.

A cikin wannan zaman ne wani tsohon maƙwabcinsa na kasuwa, mai sayar da kayan gwanjo, ya aiko masa da wani kwali. Wai a cikin kwantena ya tsince shi, ya rasa kansa, ya ce in akwai mai gane shi to Baba ne. Jirgi ne mai saukar ungulu, na wasa, amma ba irin na yara ba. Tsawonsa ya kai hannuna biyu a buɗe, da ɗan inji mai shan fetur, da rimot guda biyu, da wata waya mai haɗa su. A warwatse ya zo. Ranar mai ɗakina ta ce min ta ji mahaifinta yana waƙa a karon farko tun da ya kwanta.

Aka raba aiki. Shi ya ɗauki ƙananan sandunan ƙarfe masu karkata farfela, yana auna su da ma'aunin agogo, ni ya bar min inji. Injin ba baƙona ba ne, ɗan'uwan ƙaramin janareton nan ne da ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Na wanke kafireto, na sake fulogi, na kama jarka zan tsiyaya mai da ido kamar yadda muka saba, sai Baba ya buga tsaki. Ya sa aka kawo sirinji daga cikin kayan maganinsa, ya ce wannan ba kayan shagonmu ba ne da in ya mutu sai dai a zauna cikin duhu, wannan in ya mutu daga sama zai faɗo. Na haɗiye, na auna.

Ina zaune gefensa ina kallon yadda yake ɓoye hannun. Yakan danne shi da gwiwa, ko ya tura shi ƙarƙashin babbar riga, ya yi aikin da dama kaɗai. Ƙaramar ƙusa ta sulluɓe masa sau nawa, ni kuma in yi kamar ina neman wani abu a aljihu.

Ranar da muka fara tayar da jirgin a tsakar gida, na ja igiya sau huɗu ya kama. Ƙararsa ta sa kajin maƙwabta suka watse. Da farfelar ta ɗauki gudu na ji iskarta a ƙwauri. Fiffiken nan mai kaifi ne, in ya samu ƙafar mutum ba sai an kira mahauci ba. Na kashe. Baba yana dariya, sai kuma ya daina, ya ce mana da ni da 'yarsa mu saurara.

"In na ɗaga shi da hannuna na sauke shi lafiya, zan koma teburina. In na kasa, na haƙura, na san aikina ya ƙare."

A hanyar gida cikin adaidaita mai ɗakina ta fara kuka. Ta tuna min likita ya ce a kiyaye ɓacin ransa. Ta ce ni namiji ne, in san yadda zan yi. Haushi ya kama ni, na ce mata ita 'yarsa ce, ta faɗa masa mana. Ta ce ita ba ta iya ba. To ni da nake suruki ta yaya zan buɗe baki in ce, Baba, hannunka na rawa?

Abin da ya fi damuna, rimot ɗin yana da tsinke biyu da ake turawa da babban yatsa. Na dama shi ke karkata jirgi gaba da baya da gefe. Na hagu shi ke ba da wuta, ya ɗaga, ya sauke, ya juya wutsiya. Wato duk ran jirgin yana hannun hagu.

Na roƙi Baba ya bar ni in fara koyo, wai don in gyara saitin inji. Kowace Lahadi da safe nake ɗaukar jirgin zuwa filin ƙwallon wata makaranta, lokacin ba kowa sai mai gadi. Na ɗaure masa gora biyu a gicciye a ƙafafu, da ƙwallon roba a kowane baki, don kada ya kife. Na koyi abubuwa da wuya: rimot ake fara kunnawa kafin jirgi, wutsiya kullum tana kallonka, kuma in ka tsorata ka ja wuta ƙasa gaba ɗaya to ka fasa shi. Makonni ina tsalle da shi kamar kwaɗo kafin ya yarda ya tsaya min a iska daidai ƙirji. A bidiyon waya na gano amfanin wayar nan mai haɗa rimot biyu. Ta koyarwa ce. Malami yana riƙe da babban rimot, ɗalibi da ɗayan. Muddin malami ya danne wani maɓalli a kusurwa, jirgi na hannun ɗalibi. Da ya saki, ya dawo hannunsa. Na yi wa Baba bayani, ya gyaɗa kai ya ce dabara ce mai kyau.

Ranar ta zo. Ya sa farar babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya naɗe hannayenta a kafaɗa. Mai ɗakina ta ƙi zuwa, ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Na duba batir, na duba kowace ƙusa sau biyu, na yi nisa da rimot na gwada ko yana amsawa. Na tayar da inji, muka ja baya muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, waya tana lilo a tsakaninmu. A rayuwata ban taɓa tsayawa kusa da shi haka ba.

Muka shirya ni zan ɗaga, in ya tsaya sai in ba shi. Na ɗaga. Jirgin ya tsaya, hayaƙi yana bin ƙasa. Na saci kallon hannunsa. Babban yatsan yana karkarwa a kan tsinken, sama da ƙasa, sama da ƙasa. A zuciyata na hango jirgin ya yi sama ya juyo kanmu. Na hango Baba a ƙasa, ni kuma ina tsaye gaban 'yarsa ina neman abin faɗa. Yatsana yana kan maɓallin, wallahi yana kai.

"Na ba ka, Baba," na ce. Ban danna ba.

Na riƙa bin hannunsa da wutsiyar ido. In ya tura dama sai in karkata dama kaɗan, in ya ja baya sai in ja. Jirgin yana tafiya sumul. Na ji yana cewa bismillah a hankali, na ji numfashinsa ya sauya. Kunya da tsoro suka kama ni, amma har da ɗan daɗi, don na ga dabarata tana ci. Har na fara tunanin yadda zan sauke masa shi a hankali, in durƙusa in yi masa barka.

Ban san minti nawa muka yi ba. Sai na lura gefena ya yi shiru. Na waiga. Baba ya saki rimot ɗin yana rataye a wuyansa da igiya, hannayensa biyu a bayansa kamar mai kallon gona. Jirgin yana can tsaye a iska, ko gezau bai yi ba. Ban san tun yaushe ya saki ba.

Yadda na sauke shi ban iya tunawa. Na kashe inji, farfela ta yi ta juyawa ita kaɗai har ta tsaya. Na tsuguna a gabansa, na kasa ɗaga kai. Na so ya zage ni, ko da Yarbanci ne. Bai zage ni ba. Ya cire igiyar daga wuyansa ya miƙo min da hannu biyu.

"Ka iya tuƙi, Malam," ya ce. "Ni ba tashinsa nake nema ba. So nake in sani, ka hana ni."

Na ce Baba a sake, wallahi wannan karon zan ba ka. Ya girgiza kai, ya ce ko na ba shi yanzu ba zai yarda shi ne ba.

Bai sake zuwa filin ba, bai kuma koma teburinsa ba. Ya rayu shekara biyu bayan nan, muna gaisawa lafiya, bai taɓa tayar da maganar ba, bai kuma faɗa wa 'yarsa ba. Har yau ita tana zaton ya gwada ne ya kasa. Ni kaɗai na san bai kasa ba. Wataƙila da ya fasa jirgin, wataƙila da ya sauke shi lafiya ya koma bakin aikinsa. Ya rasu bai sani ba, ni ma ban sani ba, kuma ni na jawo.