CV Ɗin Da Na Zuba Asalin Gidanmu A Ciki

Akwai wata Asabar da ko tsufa ya sa na fara manta sunayen jikokina, ita kam ba za ta fita daga kaina ba. 'Yan shekaru sun wuce, amma har yau in wayar Baba ta yi ƙara ina kusa, sai na kasa kunne in ji ko wane ne. Abin da har yanzu nake juyawa a raina shi ne, duk tashin hankalin nan daga wata takarda ya fito, wadda ni na zauna na rubuta da hannuna, ina murna.

A Gwarzo na gama sakandare. Sakamako ya yi kyau, amma babu halin wucewa gaba a lokacin, sai zaman gida. Baba malamin Islamiyya ne, yana kuma taɓa noma, kuma ba ya cikin masu son ganin 'yarsu tana fita aiki. Damina guda Inna ta yi tana lallaɓa shi kafin ya sauko. Ranar da ya amince ya kira ni zaure ya ce, "Uwata, na yarda ki nema. Amma ranar da na ga abin da bai kwanta mini ba, magana ta ƙare, kada wani ya zo mini da roƙo." Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na san halinsa sarai, in ya rufe magana ta rufu ke nan.

Ba a daɗe ba wata ƙawata da muka yi aji ɗaya ta nuna mini sanarwa a wayarta. Wai wata ƙungiya ce ke neman 'yan mata masu takardar sakandare, za su riƙa shiga gida-gida a Gwarzo da Kabo suna rubuta sunayen ƙananan yara. Duk mai so ta tura CV ɗinta ta wata lamba. Ni kuwa ina jin ana faɗin CV, amma ban taɓa ganinsa da idona ba. Na ce mata, "Ke, wai mene ne abin nan takamaimai?" Ta ce, "Takarda ce kawai da za ki faɗa musu ko ke wace ce."

To, a nan na faɗa. A wajenmu in babba ya tare ki ya ce wace ce ke, ba makin da kika ci a lissafi yake tambaya ba. 'Yar gidan wa ce, shi yake son ji. Haka aka tarbiyyantar da ni, haka kuma na amsa. Na sa cikakken sunan Baba da makarantar da yake koyarwa. Na sa cewa kakana ya riƙe sarautar dagaci a ƙauyenmu na asali. Wajen adireshi na yi kwatance irin wanda ake yi wa baƙo: bayan masallaci, lungu na biyu, gida mai bishiyar darbejiya a ƙofa. Na jera ƙannena da ajin kowa da makarantarsa. Na faɗi cewa Inna tana man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Don su san mu ba mabarata ba ne, har gonar Baba da bijimansa biyu na huɗa sai da na ambata. Da na zo wajen mutanen da za su tsaya mini, na sa Baba da ƙaninsa da lambobinsu, ban ko tambaye su ba. Karatuna, wanda shi ne dalilin takardar, layi kaɗan ya samu can ƙarshe.

Ƙawata ta karanta ta fashe da dariya. "Kai! Ko neman aurenki aka zo yi, ai ba a samu bayani haka ba." Na ce ko in rage? Ta ce, "Rage me? An ce in ya yi tsawo sun fi ɗaukar mutum da muhimmanci." Ita ma ji ta yi an faɗa. Ita ba ta tura nata ba ma, don an sa ranar bikin yayarta. Na kai shagon kwamfuta aka buga mini shafi uku, aka manna hotona a sama, na haɗa da hoton katin ɗan ƙasa na tura ta wayar ƙawata. Kafin la'asar amsa ta zo, wai an zaɓe ni, in je intabiyu Kabo ranar Asabar. Yanzu nake tambayar kaina, wane ma'aikaci ne yake karanta shafi uku ya yanke hukunci kafin la'asar? A lokacin kuwa cewa na yi asalin gidanmu ne ya burge su.

Da safe Baba ya yi mini addu'a ya wuce makaranta, ni kuma na hau mota zuwa Kabo. Wurin da aka kwatanta wani aji ne a wata ƙaramar makarantar kuɗi, babu ɗalibai saboda Asabar ce. 'Yan mata sun kusa cika ajin. Wata mata mai tabarau da hijabi mai tsada ce ta tare mu, tare da wani mutum mai jaka a kafaɗa. Ina faɗin sunana ta yi murmushi ta ce, "A'a, 'yar gidan Malam ta bayan masallaci! Ya Inna da aikin mai?" Daɗi ya kama ni, na ce lallai mutanen nan sun karanta takardata da kyau. Sun karanta kuwa.

Ta ce ƙa'idarsu ba a shiga jarrabawa da waya, ta zagaya da jaka kowa ta jefa tata. Tawa ƙarama ce mai madannai, ko makulli babu. Aka raba mana farar takarda, wai mu rubuta dogon bayani a kan muhimmancin tsabta, sannan ga lissafi cike da allo.

Ni mutum ce mai yawan kalle-kalle, tun a makaranta ake yi mini faɗa a kai. Ina rubutu ina lura. Babu allon ƙungiya a ƙofa, babu mota a waje, babu ko kati a wuyansu. Mutumin ya ɗauki jakar wayoyin da tarin takardunmu ya fita, bai dawo ba. Matar kuma idonta na kan taga, wasu suna leƙen takardar juna a gabanta ko a jikinta. Na taɓa wadda ke kusa da ni, wata 'yar garin Mainika, na ce, "Kin taɓa ganin jarrabawar da ba a hana satar amsa?" Ta ce, "Ke dai rubuta, kada surutunki ya ja mana." Na ci gaba da rubutu. Abin ya ɗaure mini kai, amma ban ji tsoro ba, don ban san abin da zan ji tsoro ba.

Can matar ta ce za ta je tasha ta taho da shugabansu, kada kowa ta tashi. Muka zauna har aka kira azahar. Mai gadin makarantar ne ya leƙo ya ce zai rufe aji. Muka ce muna jiran masu ƙungiya. Ya ce, "Wace ƙungiya? Ni ce mini aka yi darasin safe za a yi wa yara." Nan aji ya kaure da salati da kuka. Dukkanmu a zatonmu wayoyi kawai aka sace. Ni kukana ma ba na wayar ba ne, na yadda zan kalli Baba ne in faɗa masa.

Ina shiga lungunmu na ga babura a jere, maza zaune a kan tabarmi a gindin darbejiya, takalman mata sun cika bakin zaure. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san ma'anar wannan. Na tsaya a bakin lungu. Na ce shi ke nan, Baba ya rasu ina can ina rubutu a kan tsabta. Sai wata maƙwabciyarmu ta fito da buta, muka haɗa ido, ta saki butar ta kurma ihu, "Ga ta nan! Wallahi ga ta nan da ƙafarta!"

Ban san yadda aka yi na tsinci kaina a tsakar gida ba. Inna tana shafa fuskata, tana murza hannuwana kamar mai neman inda ya karye. Baba na gani zaune a ƙasa dirshan, babu hula. Tun da nake ban taɓa ganinsa cikin mutane babu hula ba. Wannan hoton shi ne har yau yake hana ni sukuni.

Daga baya Inna ta ba ni labari. Baba yana tsakiyar darasi kira ya shigo da lambata. Namiji ne ya yi magana, ya ce ina hannunsu. Ya kwatanta masa gidanmu har bishiyar ƙofa. Ya faɗi sunayen ƙannena da makarantar kowa, ya ce in aka kai magana wajen hukuma su ne na gaba. Da Baba ya ce shi malami ne ba shi da komai, sai ya ce, "Bijiman nan biyu fa, Malam? Ka sayar, ka je wajen mai POS ka turo mana kuɗin kafin la'asar." A yankinmu, da irin labaran da ake ji daga ƙauyukan yamma, babu uban da zai ɗauki wannan da wasa. Baba ya dawo gida ya aika a kira dillali, ƙaninsa kuma ya hau babur ya nufi Kabo, muka yi saɓani a hanya.

Da suka sake kira, Inna ce ta karɓe wayar daga hannun Baba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Kun ce ba za ku bari in ji muryarta ba, na yarda. Ku tambaye ta sunan da ni uwarta nake kiranta da shi." Akwai wani suna da ta laƙaba mini tun ina goye, daga ita sai 'yan cikin gida suka san shi. Ba zan rubuta shi a nan ba, na ɗauki darasi. Mutumin ya faɗi sunana na makaranta, wanda ko sau ɗaya bai taɓa fita daga bakin Inna ba saboda sunan surukarta ne. Ta ce ba shi ba ne. Ya zage ta ya kashe. Ta juya ta ce, "Malam, yarinyar nan ba ta hannunsu. Wani abu dai suke karantawa." Baba ya so ya yarda, amma zuciyarsa ta kasa. Lokacin da na shigo, dillali yana turke yana duba haƙoran bijimai. Gidan su 'yar Mainika kuwa, na ji daga baya, sun riga sun tura abin da aka nema kafin ta isa. An kai ƙara, amma iya sanina ba a kama kowa ba.

Kwanaki Baba bai ce mini komai ba bayan amsa gaisuwa. Na san sharaɗinsa, na kuma san na cika shi. Na tattara takarduna na sa a ƙasan akwati.

Wata safiya bayan ya karya ya ce in kawo masa abin da na tura musu. Ya ce in karanta, ina fassara masa da Hausa. Duk layin da na karanta sai ya ce, "Wannan me ya haɗa shi da aikin?" Kakana dagaci, me ya haɗa shi da aikin? Ajin ƙannena fa? Sai na zo kan bijimai. Ya ce, "Su ma aikin za a ɗauke su?" Inna tana bakin murhu ta tuntsire da dariya, shi ma ya kasa riƙewa. Ni ina dariya ina hawaye.

Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Uwata, na yi niyyar in ce kin gama fita. Amma na duba, ba fitar ce ta cuce mu ba, wannan ce. Kuma ni na koya miki in an ce wace ce ke, ki faɗi gidanku. Ban gaya miki akwai inda ba a faɗa ba, don ni ma ban sani ba." Ya tura ni wajen wata malama da suke koyarwa tare, wadda kuma take aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ita ta zauna da ni muka sake rubuta CV ɗin. Sunana, lambata, sunan gari kawai ba kwatancen gida ba, karatuna da abin da na iya, sai wata guda da na taɓa yi ina taya koyar da 'yan ajin farko a Islamiyya, wanda da ban ma ɗauke shi abin faɗa ba. Masu tsaya mini mutum biyu, ba 'yan gidanmu ba, kuma sai da na je na nemi izininsu. Katin ɗan ƙasa ta ce ba a turawa sai an ga ofis da ido. Shafi ɗaya, har da sauran fili. Na ce, "Malama, bai yi kaɗan ba?" Ta ce, "Aiki kike nema ko tarihi kike bayarwa?"

Shi na kai wata makarantar firamare a cikin Gwarzo, hannu da hannu, bayan Baba ya riga ni zuwa ya ga wurin ya gaisa da shugabar. A can nake koyarwa har yau.

Abin da na koya shi ne, CV amsar tambaya ɗaya ce tak: me za ki iya yi mana? Duk abin da bai amsa wannan ba, ki bar shi a gida. Kuma kafin ki tura, ki san hannun wa za ta faɗa, domin takarda in ta fita ba ta zaɓar mai karanta ta. Ni 'yar gidan mutunci ce, ina alfahari da haka, amma yanzu sai wanda na ga fuskarsa nake faɗa wa ƙofar gidanmu.